Yadda Na Tashi Ɗan Ja Daga Barcin Shekara Uku

Shekara uku Ɗan Ja ya yi a ɗakin ajiya na gidanmu a Gwandu bai ce uffan ba. Ɗan Ja mashin ɗin kakana ne, wanda muke kira Baba Tsoho. An ce a zamaninsa ja ne wur, idan ya shigo unguwa har mata na leƙowa ta katanga. Ni dai da na yi wayo na same shi da launin gindin tukunya. Tun da idon Baba Tsoho ya fara hazo aka hana shi tuƙi, sai aka tura mashin ɗin ɗaki aka rufe. Kaji suka mai da kujerarsa wurin saka ƙwai, gizo-gizo kuma ya naɗa masa rawanin da ko hakimi bai da irinsa.

A hutun da na cika shekara sha shida aka fara yankan shinkafar rani. Babana ya leƙa ɗakin ajiya ya ga babu inda zai jera buhuna. Da la'asar muna zaune a tsakar gida, sai ya matso kusa da tabarmar mahaifinsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, mai gwangwan zai biyo ranar Alhamis ta sama. Na ce ko a ba shi wancan ƙarfen, mu samu wurin shinkafa."

Mai gwangwan shi ne mutumin nan da ke yawo lungu-lungu da kura da sikeli yana sayen tsohon ƙarfe. A wurinsa mashin da fasasshiyar tukunya duk ɗaya ne, nauyi kawai yake tambaya.

Baba Tsoho ya ajiye goron da yake kankarewa. "Ƙarhe? Ɗan Ja ne ƙarhe? Wanga mashin shi ya kai goron neman auren uwar wanga ja'iri har Kalgo, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba don shi ba da kana nan gwauro, shi ko ja'irin yana can inda ba a san shi ba."

Ja'irin ni ne. Na gyara zama, tunda an sa ni cikin tarihi.

Babana ya ce ba raini ba ne, amma ya kai maganar wurin makanikai biyu, duk sun ce an daina kawo kayan irin wannan mashin tun kafin su fara koyon aiki. Baba Tsoho ya ce, "To. In ya tashi da bakinshi kahin Alhamis, ya zauna. In bai tashi ba, a auna shi." Ya faɗi haka ne yana kallon bango, kuma bai ƙara taɓa goron ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ni zan tashe shi."

Kakata, wadda take kira na angonta tun ina cikin zanen goyo, ta yi dariya har ta saki muciya. "Angona, kai? Rediyon nan da ka gyara min har yau sai an mare shi yake magana."

"Amma dai yana magana, Kaka."

"Yana yi, yana kuma ramawa a kan batir."

Ba da ka na yi alƙawarin ba. Hutu biyu na yi a Kalgo wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ke gyara wa manoman shinkafa injin ban-ruwa. Na kwance inji a gabansa, na ɗaure, na sha ranƙwashi har kaina ya yi tudu da kwari kamar gonar dankali. A ganina injin ban-ruwa da na mashin 'yan ɗaki ɗaya ne. Wannan ruwa yake ja, wancan mutum.

Washegari da safe na jawo Ɗan Ja zuwa ƙarƙashin dogon-yaron tsakar gida. Tayoyinsa sun kwanta, sai da na ja shi kamar ragon da ya hango wuƙa. Wata kaza ta bi ni tana zagi har gindin itacen. Baba Tsoho ya miƙo min tsohuwar jakarsa ta fata mai sifanu da filaya, ya sa aka matso masa da tabarma kusa.

Kawu ya koya min cewa duk abin da ka kwance ka jera shi daga dama zuwa hagu, na farko a farko, don in ka tashi ɗaurewa ka biyo layin da baya. Na shimfiɗa buhu uku na fara jeri. Ƙananan notuna kuwa na zuba su a kwanonin miyar Kaka, wanda hakan ya jawo shari'ar da ba a gama ba har yau, domin ta rantse miyar kuka ta yi sati tana warin fetur. Baƙin man da na tsiyayo daga cikin injin ya yi kaurin da za a iya yanka shi da wuƙa a sayar a matsayin alewa.

Da na cire kan injin na tarar fistin ya kame a cikin silinda, ya ƙi sama ya ƙi ƙasa. Na zuba masa kananzir ya jiƙa kwana biyu, ina leƙa shi safe da yamma kamar mai jinya. A rana ta uku na ari taɓaryar Kaka ba da saninta ba, na ɗora ƙarshenta a kan fistin ɗin ina bugawa a hankali, don itace ba ya yi wa ƙarfe rauni. Ya motsa kaɗan, ya ƙara motsawa, sai ya sulale. Zobbansa biyu sun karye. Kafireto kuma, wato wurin da mai ke gauraya da iska, wani farin tsatsa ya cinye cikinsa har ya huje.

Na zuba matattun kayan a buhu na hau mota zuwa Kalgo. Na samu Kawu a rumfarsa ta bakin fadama, injina kewaye da shi kamar marasa lafiya a layin asibiti. Ya juya kafireton a hannunsa, ya leƙa ta hujin ya hango ni.

"Ɗan yaya, wannan ai sai addu'a. Daga wane kabari ka tono shi?"

Na ba shi labarin Alhamis da mai gwangwan. Ya daina dariya. Ya ce yana yaro ƙarami ranar da mashin ɗin ya zo ƙofar gidansu da goro, har Baba Tsoho ya ɗora shi a kan tanki ya zagaya da shi kasuwa. Ya shiga cikin tarkacensa ya daɗe yana tono. Ya fito da zobban da suka yi daidai, da kafireton wani mashin na zamani da mota ta take. Na gwada a ido na ga wuyansa ya fi na Ɗan Ja faɗi.

"Kawu, ba zai shiga ba."

"In auren dangi ya gagara ai sai a nemo mai shiga tsakani." Ya yanko guntun tiyon ban-ruwa mai kauri kamar tsawon yatsa ya jefo min. "Ka gasa bakinsa ɗaya a wuta ya yi laushi, ka cusa. Ka ɗaure da waya, kada iska ta sata ta gefe. Abu uku inji ke nema: mai, wuta, iska. In sun haɗu, ko gawa ce sai ta yi tari. Kuma kada ka kira ni a waya. In ka kira ni, ni na gyara."

Na dawo Gwandu ina jin kaina kamar likitan da aka turo daga birni. Saura gaskit, takardar nan da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya yoyo. Ba a samun na Ɗan Ja ko'ina, don haka na cire bangon littafina na lissafi, na kifa shi a bakin murfin injin, na bi gefe-gefe da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa har siffar ta fito da ramukan notunanta. Aikin ya ci min rabin yini, ya kuma yi kyau har na ajiye shi a kan turmi na je kiran Baba Tsoho ya shafa. Kafin mu dawo akuyar Kaka ta cinye shi, tana tsaye tana tauna ragowar tana kallona. Wannan ne karo na farko da wani a gidanmu ya ji daɗin lissafi. Na koma na cire bangon littafin Turanci.

Ranar Laraba da hantsi na gama ɗaurewa. Na biyo layin buhunan da baya kamar yadda aka koya min, amma duk da haka notuna biyu da wasa ɗaya, zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti, suka rage a kwano. Na duba sama na duba ƙasa, na yanke hukuncin cewa masu ƙera shi ne suka yi almubazzaranci. Na zuba sabon baƙin mai, na zuba fetur, na sa aka buga wa tayoyi iska. Na cire fulogi na riƙe shi a jikin inji don in ga ko wuta na zuwa, na taka kik. Wutar ta zo, ta bi ta yatsuna ta fita ta kunnena, har na hango kakannin kakannina suna ɗaga min hannu.

Na mayar da fulogin na yi bisimilla na taka. Ɗan Ja ya ce tuf, tuf, ya yi shiru.

Baba Tsoho ya miƙe zaune. Na sake takawa. Tuf, tuf, shiru. Na taka har ƙafata ta dama ta fi ta hagu tsawo. Na tara yaran unguwa suka tura ni daga ƙofar gida har bakin hanyar Malisa, ina sa giya ina sakin kuloci, shi kuwa tuf biyun nan dai yake bayarwa kamar an ƙayyade masa. Na kwance kafireton na hura, na sake ɗaure tiyon, na goge fulogi sau ba adadi. Mai yana zuwa, wuta ta riga ta gaisa da ni, iska kuma ina jin tana shiga. Abu ukun Kawu sun cika, gawa ta yi tari, amma ta ƙi tashi. Wayar Baba tana kan taga, na kalle ta na kau da kai.

Da aka kira magariba Baba Tsoho ya dafa kafaɗata ya ce, "Bar shi hakanan. Ka yi ƙoƙari, ka sa na ji muryatai ko sau biyu ne." Da ranƙwashi ya yi min da ya fi min sauƙi.

Alhamis da hantsi muka ji ƙarar kura a ƙofar gida. Baba ya shigo da mai gwangwan, wani siririn mutum mai fara'a, sikeli rataye a kafaɗa. Ya gaida manya, ya zagaya Ɗan Ja yana ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana.

"Kai, ƙarfen da! Yanzu ba a yin irinsa. Samari, har wanke min shi ka yi? Allah ya yi albarka."

"Ba a gama ba, malam. Alhamis ai sai rana ta faɗi take ƙarewa."

"Ni kuwa tawa Alhamis ɗin da azahar take ƙarewa, ina da garin Maruda a gabana." Ya zauna a kan turmi ya karɓi ruwa.

Na hau na taka. Tuf, tuf. Na taka. Tuf, tuf. Gumi ya jiƙa min riga. Baba yana tsaye ya harɗe hannu, ba ya kallon mahaifinsa, mahaifinsa ba ya kallon kowa.

Kaka tana bakin murhu tana hura wuta, sai ta ɗago. "Angona, ina hayaƙin?"

"Wane hayaƙi, Kaka?"

"Na mashin mana. Shekara da shekaru in wanga abu ya yi tari sau ɗaya sai na sake wankin shanyata. Tun jiya kake tokarinshi, ban ga ko na turaren tsinke ba. Ni dai na san murhun da hayaƙinshi bai samu mahita ba, wuta ba ta ci."

Baba Tsoho ya dafe goshi. "Totuwa!"

Ashe tun yana saurayi haka yake yi, shi da sauran tsofaffin masu mashin na garinmu. Duk wanda zai ajiye mashin sai ya toshe bakin salansa da totuwar masara, saboda zanzaro, ƙwaron nan mai gina ɗakin laka a duk ramin da ya samu. Da safe sai a zare a jefar. Ranar da aka tura Ɗan Ja ɗaki Baba Tsoho ya toshe salansar kamar kullum, safiyar zarewa ce ba ta zo ba.

Na durƙusa na leƙa bakin salansar. Ban ga totuwa ba, sai duhu. A nan ne wani abu ya faɗo min a rai. Ina shekara sha uku, ni da abokaina biyu mun taɓa shiga ɗakin nan muka ga totuwa a bakin salansa. Muka ce ai wannan bindigar mafarauta ce. Muka samo kara muka tura ta ciki, muka ƙara wata muka danna, muka ƙara wata, muna ɗuri kamar masu shirin harbin giwa, da nufin duk ranar da aka taka mashin ɗin ya harba. An daɗe da cire hanjin salansar don ƙara, bututu ne fayau, ya karɓi duk abin da muka ba shi. Daga baya muka samu wani wasan muka manta.

Na kwance salansar, na lanƙwasa bakin waya na zura. Ta farko ta fito baƙa ƙirin. Na sake zurawa, ta biyu ta biyo. Mai gwangwan ya ajiye kofin ruwa ya fara ƙirgawa da ƙarfi. Ta uku, ta huɗu. Ta biyar ta kumbura ta kame, sai da na buga bututun a ƙasa ta faɗo gutsi-gutsi. Totuwa biyar, kuma a wannan karon ban ƙara ko ɗaya ba.

Baba Tsoho ya laluba su ɗaya bayan ɗaya da hannu. "Guda na sa."

"Wataƙila haihuwa suka yi, Baba Tsoho. Shekara uku ai ba kwana uku ba ce."

"In haihuwa sunka yi, na san ubansu."

Baba ya yi min wani kallo mai cewa za mu haɗu daga baya. Na yi sauri na mayar da salansar, na ɗaure notunanta. Na hau. Takun farko ya ce tuf, tuf, tuf, ya ƙara ɗaya a kan na kullum. Na ɗan murɗa mai na sake takawa da duk nauyin da Allah ya ba ni.

Ƙarar da ta tashi, na tabbata an ji ta a Kalgo. Baƙin hayaƙi da garin totuwa suka fito a guje suka sami mai gwangwan daidai inda yake zaune, ya koma kamar wanda ya kwana a gidan gawayi. Kaji suka haye katanga, akuyar da ta ci lissafina ta tsinke igiya. Kaka ta saki guɗa tana kwashe shanya. Ni kuwa ina kai ina murɗa mai ina ihu, ban ma san me nake cewa ba.

Baba Tsoho ya taso ba sanda. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tanki ya saurara, ya ce in saki mai. Ya sunkuya ya lalubo ƙaramin sukurun da ke gefen sabon kafireton, ya juya shi kaɗan da bakin wuƙar goronsa. Ƙarar ta sauko ta daidaita, tana bugawa a natse.

"Muryatai ta canza," in ji shi. "Amma shi ne."

Mai gwangwan ya share fuska da hularsa yana dariya. Don kada ya tafi hannu rabbana, aka ba shi tsohon kafireton da wata hujajjiyar tukunya. Ya nemi notuna biyun da suka rage na hana, ko za a gano gidansu wata rana. Baba kuwa abin da ya ce kawai shi ne, "A duba birki kafin kowa ya hau." Amma bayan sallar azahar na ji shi a ƙofar masallaci yana ce wa maƙwabcinmu, "A gida aka yi, wallahi. Yaron nan nawa ne, da tiyon ban-ruwa." Haɗuwar da kallonsa ya yi min alƙawari ba a yi ta ba har yau.

Ranar Asabar muka tafi Kalgo mu uku. Baba ne ke tuƙi, Baba Tsoho a tsakiya yana ba da umarni kan ramukan da aka cike tun shekara biyu, ni a kan kariya ina riƙe da jakar sifanu, ƙashin bayana na haddace kowane dutse. Sau ɗaya muka tsaya na ƙara matse waya. Kawu ya jiyo mu tun daga nesa ya fito daga rumfa. Ya durƙusa ya gaida Baba Tsoho, sannan ya zagaya ya murza tiyon da yatsa ya ga ba ya motsi.

"Me ya hana shi tashi da farko?"

"Abu huɗu ne, Kawu, ba uku ba. Abin da ya shiga sai ya samu ƙofar fita."

"Wa ya koya maka?"

"Matata," na ce. Baba Tsoho ya kai min duka da hula, yana cewa a gabansa ma ake ƙwace masa mata.

Ɗan Ja ya koma ɗakinsa da ƙafarsa, an share masa wuri, an kori kaji. Shinkafa kuwa ba ta fasa zuwa ba. Buhunan da suka rasa masauki a ɗakina aka jera su har kusa da rufi, aka bar min wata 'yar hanya da sai na bi ta a karkace nake isa katifa. Na yi wata huɗu ina kwana da ɓeraye suna taro a kaina, ban yi ƙorafi ba, tunda ni na jawo.

Har yanzu duk yamma ni ke toshe salansar da totuwa, don zanzaro bai san an yi gyara ba. Sai dai na huda gindinta na ɗaura mata jan zare, ɗaya bakin zaren kuma na ɗaure shi a jikin makulli. Baba Tsoho ya shafa zaren ya ce duk cikin gyaran da na yi wannan ne kawai aikin mai hankali.